Ƙyallen Tela da Lifidin Sarki: Zagaye a Zongon Lome

Duk baƙon da ya tsayar da ɗan zemijan a birnin Lome ya ce a kai shi Zongo, kafin ya ɗora ƙafa sai an tambaye shi: wane Zongo? Tambayar tana da dalili. Akwai tsohon Zongo a cikin gari, inda yau manyan benayen bankuna suka tsaya a kan filin da kakanninmu suka yi zaure da rumfa. Akwai kuma sabon Zongo can arewa, wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari, a gefen babbar hanyar da ta nufi Atakpame, Sokode da Kara, har ta shiga Burkina Faso. A shekarar 1977 ne hukuma ta rushe na farkon, ta kwashe mutanensa zuwa na biyun. Dattawan da suka ga ranar, har yau idan an tayar da zancen sai muryarsu ta yi ƙasa.

Mun bi wannan hanya daga bakin teku zuwa sabon Zongo muna bin sawun wani abu da ba kowa ke ɗaga ido ya dube shi ba, wato ƙyalle, ragowar yadin da ke zubowa ƙarƙashin almakashin tela. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ƙanƙantar abin, don akwai magana a cikinsa da ta shafi gidajenmu, musamman 'ya'yanmu mata.

Tun farko ma tufa na cikin abin da ya kawo Bahaushe wannan gaɓa. Fatakenmu sun fara sauka Lome tun wajejen 1880, garin bai wuce 'yan rumfunan ciniki a bakin rairayi ba. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawa daga cikin 'yan kasuwarta suka koma Kete-Krachi, wadda ta faɗa hannun Jamusawa, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Lome, wadda ta zama babban birnin mulkin Jamus a Togo a 1897. Goro da shanu su ne ƙashin bayan cinikin masu gidajen Zongo, amma a cikin kayan fatake ba a rasa baƙin yadin Kano mai sheƙi, da riguna masu aska, da huluna. Bayan falke kuwa, maɗinki ne ke biyowa da allurarsa, kamar yadda mahauci da wanzami da malami ke biyowa.

Daga tsohon Zongo zuwa babbar kasuwa, wadda mutanen gari ke kira Asigame, tafiyar ƙafa ce. A nan ne matan nan da duniya ta sani da suna Nana Benz suka yi zamaninsu, tun daga shekarun 1950 har zuwa na 1980. Su ne suka riƙe cinikin atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, kuma daga hannunsu take bazuwa zuwa Kwatano, Legas, Abijan, har Kinshasa. Sun yi arzikin da suka sayi motocin Marsandi, daga nan laƙabin ya samo asali. Su ne kuma ke raɗa wa zane suna, sunan ya bi shi ƙasa-ƙasa. Akwai wanda ake kira "idon kishiyata", kuma duk macen da ta ɗaura shi ta san saƙon da take aikawa. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta raunana wannan ciniki, atamfar Sin mai araha ta biyo baya ta ƙara danne shi, sannan gobarar watan Janairun 2013 ta cinye babban benen kasuwar. Duk da haka, wanda ya ratsa layukan da ke kewaye da wurin yau zai ga atamfa jibge har rufi, kala-kala, ta mai kuɗi da ta talaka.

Lissafin atamfa sananne ne ga kowace uwar gida. A Lome cikakkiyar ɗauri yadi 12 ce, rabinta yadi 6, wato turmi guda a bakinmu, wanda ake rabawa falle uku, kowanne yadi biyu. Daga turmin nan za a fitar da riga da zane da ɗankwali. To amma jikin ɗan Adam ba murabba'i ba ne. Wuya zagaye yake, hammata lanƙwashe take, ɗinkin zamani kuma ya fi na da yanke-yanke. Saboda haka kowane turmi da ya shiga shagon tela sai ya bar wani abu a ƙasa: wani kamar tafin hannu, wani kamar tsawon kamu, wani siriri kamar igiya. Kuɗi aka sa aka saye shi, da kuɗin aka biya har da wannan guntun.

A hanyarmu ta zuwa arewa mun ratsa ta Hedzranawoe, kasuwar gwanjo, inda ake kwance dilolin tsofaffin tufafin Turai. Ba mu daɗe ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne barguna da zannuwan gado da ke rataye, waɗansunsu an yi su ne da guntayen yadi da aka harhaɗa, kuma matanmu na taya su da daraja. Abin da muke zubarwa a gida, shi muke saye idan ya ƙetaro teku.

Sabon Zongo ya daɗe da daina zama sabo. Ya cika ya tumbatsa, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, ga manyan motocin da ke jiran lodi zuwa Wagadugu da Yamai, ga ƙamshin tsire da na waina. Da an bar kwalta an shiga lungu, ƙarar keken ɗinki ce ke tarbar mutum. Shago ɗaya, maigida ko uwar ɗaki a kan keke mai lantarki, 'yan koyo huɗu ko biyar a kan tsofaffin Butterfly da Singer na ƙafa, sabon shiga kuma yana gefe yana koyon miƙe layi a kan takardar buhun siminti, don ba a ba ɗan koyo yadin mutane ya ɓata. A ƙa'idar ƙasar nan yarinya takan yi kamar shekara uku tana koyo, iyayenta su biya kuɗin yarjejeniya, ta zauna jarrabawar kammala koyon sana'a, a yi mata bikin yaye, wanda ake kira liberasiyon. Daga nan sai wahala ta biyu ta fara. Layin da za ta buɗe shago akwai teloli goma a kansa, gwanjo ya ɗauke kayan yara da na zaman gida, aiki ba ya yin yawa sai gabanin Sallah da lokacin bukukuwa. Mun ga kekuna da dama da aka saya da kuɗin adashi an lulluɓe su da zane a ƙuryar ɗaki.

A ƙofar kusan kowane shago kuwa akwai buhu cike da ƙyallaye. Kaɗan daga ciki masu cusa matashi ke ɗiba, kaɗan makanikai su yi tsumman goge hannu, yara su ɗaure ƙwallo ko su yi wa 'yar tsana riga. Sauran ko dai a cinna masa wuta da yamma, hayaƙin ya cika unguwa, ko ya bi iska ya faɗa kwata. Mu da muke zaune kusa da kwarin kogin Zio, wanda ambaliyarsa ta 2008 ba ta fita daga ran mutanen Togblekope ba, bai kamata a tsaya yi mana bayanin abin da toshewar magudanar ruwa ke jawowa ba.

A wasu ƙasashe wannan buhu dukiya ce. Akwai wata sana'ar hannu da mutanen Ingila da Amurka ke kira kwilt, mu kuma za mu ce bargon ƙyallaye. Yadda ake yin sa ba boyayye ba ne. Hawa uku ne: na sama guntayen yadi ne da aka yanka daidai aka haɗa su suka ba da wani fasali, na tsakiya auduga ce da aka shimfiɗa, na ƙasa kuma falle guda ne. Sai a bi da allura ana huda hawa ukun gaba ɗaya, layi bayan layi, don kada audugar ta tattare wuri ɗaya idan an yi wanki. Wannan ɗinkin na ƙarshe shi ne asirin aikin, shi ne kuma mai cin lokaci, shi ya sa tun da can mata kan taru su kewaye bargo ɗaya, kowacce ta kama gefenta, ana aiki ana hira.

Labarin da ya fi kama mu shi ne na wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, wanda kogi ya kusa zagaye shi. Mazaunansa jikokin bayi ne da aka kai su noman auduga. Matan wurin, saboda talauci da sanyin ɗakunan katako, suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin mazajensu da buhunan gari suna haɗa barguna, uwa ta koya wa 'ya, ba tare da bin zanen littafi ba. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu wannan ɗinki don su sayar da aikinsu da daraja. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, masana suka yi ta mamaki, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunan goma daga ciki a kan kan sarki. Bargon da aka yi don yaro ya kwana da ɗumi, ga shi a bango ana biyan kuɗi a kalle shi.

A yau a garuruwan Amurka da Turai akwai ƙungiyoyin masu wannan ɗinki birjik, galibinsu mata, da yawa sun manyanta. Sukan haɗu sau ɗaya a wata, kowacce ta biya kuɗin ƙungiya, ta nuna abin da ta gama, gwana ta koya wa sabuwa, a yi musayar guntaye, a shirya baje koli, sannan a ware wasu barguna a kai asibiti ko gidan marayu. Wani abu nasu dai bai burge mu ba: da yawansu sabon yadi suke saye takanas, har da atamfarmu, su yayyanka shi don su sake haɗawa. Wannan wasan mai wadata ne. Abin da ya cancanci a duba a wurinsu shi ne zaman da suke yi tare, da yadda ba su bari ilimin ya mutu da tsohuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan fasaha baƙuwa ce a wurinmu. Bahaushe ya san ta tun kafin a san akwai wata ƙasa wai ita Amurka, sai dai shi ba gado ya shimfiɗa wa ba, doki ya sa wa. Lifidi ke nan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Yadi ne hawa biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki a daddatse, ya rufe doki tun daga wuya da ƙirji har gindi, mahayin ma ya sa nasa. Kibiya mai dafi idan ta zo sai ta nutse a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Sau da yawa fuskar lifidin guntaye ne ja da fari da baƙi da rawaya, masu kusurwa uku ko huɗu, an jera su tsaf, ta yadda idan aka ajiye shi kusa da bargon Alabama sai an duba sosai kafin a rarrabe. Yana da nauyi ƙwarai, har mahayi kan bukaci a taimaka masa ya hau, kuma babban abokin gabansa wuta ce. Baturen nan Clapperton ya ga 'yan lifida da idonsa a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, lokacin yaƙi da Gobirawa. Bindiga ta kashe amfaninsa a fagen fama, amma ba ta kashe shi ba: har gobe 'yan lifida na fitowa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Wanda bai taɓa zuwa Arewa ba ma ya ga hoton dogarai da rigunansu na ja da kore, waɗanda su ma haɗi ne.

Rimin da ake cusa wa lifidi shi ne dai wanda iyayenmu suka yi katifa da matashi da shi kafin katifar soso ta zo, kuma yana nan tsaye a garuruwan tsakiyar Togo. Auduga kuwa ƙasar nan na noma ta, ana gurzar ta a Notse da Atakpame da Kara, mafi yawanta a loda a jirgi a fitar. Kayan aiki dai ba su yi mana nisa ba.

Me ya hana, to? Mun tambayi teloli da uwayen gida, amsoshin suka faɗo wuri uku, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Na farko kunya. A idon mutanenmu tufa mai maho alamar rashi ce, wasu ma sukan ce sai mahaukaci ke sa riga kala goma. Amma ai sananne ne a littattafan magabata cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, an gan shi da riga mai maho yana Halifa, kuma masu zuhudu sun daɗe da ɗaukar riga mai faci a matsayin ado. A Senegal almajiran Shehu Ibra Fall, waɗanda ake kira Baye Fall, da irin wannan tufa aka san su, har teloli na ɗinka ta don sayarwa. Maƙwabtanmu na Gana su ma suna da zanen haɗe-haɗe da suke ɗaurawa ba tare da jin nauyi ba, a Abomey ta Benin kuma, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, zuriyar maɗinkan fadar Dahomey na ci da iyalinsu da liƙa ƙyalle a kan ƙyalle.

Na biyu tsoro. Akwai matan da ba su yarda guntun zanensu ya shiga hannun wani ba, don gudun kada a yi musu sammu da shi, har sukan ce wa tela ya ƙulle musu ragowar su tafi da ita. Ba za mu yi musu dariya ba, ko da yake mun fi son zuciya ta dogara ga Allah. Mai irin wannan damuwa sai ta haɗa nata a gidanta, da zannuwanta da na mahaifiyarta. Wannan ma ya fi daɗi. A ƙasan akwatin kowace tsohuwa a Zongo akwai atamfar da ta tsufa ba a iya ɗaurawa, ba a kuma iya yarwa: ta lefe, ta sunan ɗan fari, ankon bikin wata aminiya da ta riga mu gidan gaskiya, wata ma tun ta tsohon Zongo ce, ta hau motar ƙaura a 1977. Idan mai su ta rasu akan raba masu kyau, sauran asu ya cinye. Da za a yanko lafiyayyen wuri daga kowanne a haɗa mayafi guda, da jika ta samu abin da za ta nuna ta ce wannan na wance ne, an saye shi shekara kaza.

Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma wani dattijon tela ne ya tayar da shi: ƙyallen na wane ne? Yadin da aka kawo ɗinki amana ne, ragowarsa ta mai shi ce. Abin da aka saba yafewa, kamar siraran da ba su da amfani, al'ada ta wanke shi. Amma guntun da ya kai a yi wa jariri riga, ba ya halatta a riƙe sai da yardar mai kaya, balle a sayar. Duk wanda zai shiga wannan aiki ya fara da tambaya, kalma ɗaya ce a lokacin karɓar ɗinki: Hajiya, ragowar fa? Yawanci za a ce an bar maka. Teloli sun sha zargi a kan cin yadi tun kaka da kakanni; bai kamata a buɗe sabuwar ƙofar zargi da sunan sana'a ba.

Sai kuma a yi la'akari da garin da muke. Lome ba Alabama ba ce, ba ma Agadas ba ce. Zafi da gumi sun fi yawa, sanyin hunturu na Disamba da Janairu kwana nawa ne, sai ɗan sanyin watan Agusta. Bargo mai kaurin lifidi ba zai samu mai saye ba, auduga mai yawa kuma a wannan laima wari take yi idan ba ta bushe ba. Abin da ya dace da mu shi ne mai hawa biyu, ko mai tsohon zane a tsakiya a madadin auduga: zanen gado, shimfiɗar jariri, rigar matashi, labule, jakar makarantar allo, abin ɗaukar tukunya daga wuta. Wadda ta yi niyyar abin sallah ta kula, atamfa da yawa na ɗauke da hoton tsuntsu ko kifi ko doki, ga launi mai ɗauke hankali. Gara ta zaɓi guntayen shadda ko yadi marar zane. Sannan a wanke ƙyallen kafin a yanka, don wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa, kada a haɗa mai nauyi da marar nauyi a wuri guda. Lissafin kuma mai sauƙi ne: zanen gado mai mita biyu tsawo da mita biyu faɗi yana cin guntaye 400 idan kowanne ya tashi santimita 10 bayan ɗinki, wato a yanka shi santimita 12 don a bar wa ɗinki wuri. Mace ɗaya za ta gaji kafin ta kai rabi. Mata goma, kowacce guntaye 40, aikin 'yan kwanaki ne.

Mata goman nan kuwa ba sai an nemo su ba. Suna nan a kowane layi, suna haɗuwa duk mako don zubin adashi, suna da uwar adashi da kowa ya amince da ita, suna da ƙungiyoyin biki da na Islamiyya. Keken da aka lulluɓe a ƙuryar ɗaki yana nan, yarinyar da ta yi liberasiyon bara tana zaune. Ba mu ce wannan zai maye gurbin cinikin Asigame ba, ba mu kuma ce za a yi Marsandi da shi ba. A Adetikope, gaba kaɗan da mu a kan hanyar nan ta arewa, an buɗe unguwar masana'antu a 2021 wadda ke da ɓangaren ɗinkin tufafi, wasu 'ya'yanmu za su nemi aiki can. Amma matar aure mai goyo ba za ta je ba, ita aikin da zai same ta a tsakar gida take bukata.

Masu shaguna sun gaya mana cewa buhunan sun fi cika a goman ƙarshe na azumi da kuma kwanakin da ke gaban Babbar Sallah, lokacin da ake kwana a kan keke, kuma a lokacin ne ake samun guntayen shadda da leshi da atamfa mai tsada. Kashegarin Sallah 'yan koyo ke share shago su kwashe komai zuwa juji. Wadda ke so sai ta yi wa telanta magana tun azumi bai raba tsakiya ba, ta kuma kai masa buhun da zai riƙa ware mata.